Dakan da Ba a Ƙarasa Ba

Zuwa ga Calvin,

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ba ya amsawa. Ka ga na rubuta sunanka? Shekara ashirin da bakwai ina ce maka Malam, a gaban mutane da bayan idonsu, domin haka na ga uwata tana yi wa ubana. Ko Yusuf ɗin da ka zaɓa ranar da ka musulunta ban taɓa kira ba. Yau na rubuta wanda uwarka ta sa maka, domin da danginku nake magana.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Watanka goma sha huɗu kana kwance kana fuskantar alƙibla. Ko da ranka ma, da ka kai layi na uku za ka tuna akwai ciyawar da ke jiran yanka a bayan gida. Wannan karon ba inda za ka je.

Bari in fara da labarin gida, tunda haka ake yi. Ɓauren da ka dasa ya yi 'ya'ya bana, tsuntsaye suka cinye, ban hana su ba. Famfon banɗakin sama yana ɗiga har yanzu. Ƙanwarka Darlene tana kirana duk Lahadi in ta taso daga coci, ta tambaye ni ko ina cin abinci. Babban labari kuwa, ɗaurin auren 'yarka Safiya ranar Lahadi ne. Yaron shi ne Mukhtar ɗin da ka ce yana da dogon wuya da gajeren zance, kana nufin ka amince. Ranar Asabar za a yi wankan amarya a nan gidan. Hajiya Ramatu 'yar Maraɗi, wadda ba a yin bikin Hausawa a Greensboro sai da umarninta, ta sa an kawo lalle tun daga gida. Wata biyu da suka wuce ta zo ta duba turmin da za a kifa a zaunar da amarya a kai. Ta buga gefensa da tafin hannu, ta ce duk Amurka ba amaryar da ta samu turmin gado sai 'yarmu.

Turmin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yau Laraba. Sauran kwana uku a kifa shi a ɗora 'yarka a kai, kuma ba za a yi ba.

Ka tuna ranar da na fara ganinsa? Satina biyu da zuwa daga Zariya, ka kai ni gidan mahaifiyarka a Pleasant Garden. Yana tsaye a bakin ƙofa, an zuba masa lema uku da busassun furanni, taɓaryar kuma an rataye ta a bango kamar takobi. Na yi dariya har na dafa ka. Na ce wa ya sa turmi gadin lema? Mahaifiyarka ta zaunar da ni ta ba ni labarin da kowa a gidanku ya haddace kamar karatun allo. Turmin Kaka Polly ne, 'yar ƙabilar Cherokee, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da sojoji suka zo korar mutanenta daga duwatsun yamma, kakanku Elam ya ɓoye ta, ya aure ta, ta fito daga gidansu ba ta ɗauki komai ba sai turminta. Shi ya sa, in ji mahaifiyarka, kuke da ƙashin kumatu mai tudu. Sai ta ce in ɗauka, tunda cikin duk surukanta ni kaɗai na san abin da ake yi da shi.

Na wanke shi sau uku. Na shafe shi da man gyaɗa, ya sha kamar mai ƙishirwa. Taɓaryar ce ta ba ni wahala, gefe ɗaya ƙaton kai, gefe ɗaya siriri. Na kama ta irin kamun gida, ƙaton a ƙasa, ta ƙi shiga ramin da kyau. Sai a wani tsohon hoto a ɗakin karatun da nake aiki na ga yadda matansu ke riƙe ta: ƙaton kan a sama, nauyinsa ke yin aikin, hannu jagora kawai yake yi. Na gyara kamu, turmi ya amsa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba.

Ran nan da la'asar, ina da cikin 'yarka wata biyar, ina surfen masara a barandar baya. Na saki taɓarya, na ɗaga. Kafin in sake saki sai na ji wata ta faɗa. Ba ta kai tawa nauyi ba, amma ta faɗa daidai inda ta biyu ke faɗawa in mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Na tsaya, ta tsaya. Na ci gaba, ta ci gaba. Na ce amsa-kuwwa ce daga bangon garejin maƙwabci. Na jawo turmin zuwa kicin, na rufe ƙofa da taga. Ta biyo ni.

Amsa-kuwwa ba ta zaɓen abin da ake dakawa, Calvin. In barkono ne ko daddawa, takan yi jinkiri, ta shigo a makare, kamar baƙuwar da ba ta san miyar gidan ba. In masara ce ba ta taɓa kuskure bugu ɗaya. Wani lokaci har gaggawa take yi, tana jana, sai na ji kafaɗuna sun gaji kafin in gane ba ni ke tsara saurin ba.

Ka ɗauka na ji tsoro? Daɗi na ji. Ka san yadda unguwar nan take da rana tsaka, kowa ya rufe kansa a mota ko a gida, ba sallama, ba kukan akuya, ba mai leƙowa aron wuta. Ni da na tashi a gidan da turmi uku ke aiki kafin hantsi. Na ce a raina, Kaka Polly ce ta ga surukar da ta san darajar kayanta ta zo taya ta. Nakan ce mata, sannu da aiki, Kaka. Nakan bar mata gurbi. Ranar da aka bugo waya cewa Innata ta rasu, ba ni da takardar fita in dawo, kai kana wajen aiki, turmin nan na je na kama. Muka yi daka ni da ita har masarar ta zama gari, garin ya zama ƙura. Shekara ashirin da biyar ina da abokiyar daka, ban gaya wa mijina ba, don kada ya kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Kai kuma me kake yi duk lokacin da na jawo turmi? Ka ce ƙarar tana sa maka ciwon kai. Ka fita ka kunna injin yankan ciyawa, ko da jiya ka yanke ta. Na sha tsokanarka cewa ciyawar gidanmu ta fi kan limaminmu ganin aska.

Safiya ce ta tayar da zancen, da kyakkyawar niyya. Tana so a buga ɗan littafi a raba wa baƙi ranar walima, gefe ɗaya dangina na Zariya, gefe ɗaya danginka. Ta ce, Mama, ke ce ma'aikaciyar laburare, nemo min sunan Kaka Polly na yarensu da sunan garinsu. Na ce aikin yini ɗaya ne.

Polly ba ta yi wuyar samu ba. Tana nan a littafin baftisma na wani coci, jaririya, da sunan ubanta mai injin niƙa da sunan uwarta. Tana nan a takardar aurenta. Tana nan a ƙidayar jama'a sau huɗu, kowane karo da harafin da ake sa wa farare. Iyayenta farare, kakanninta farare. Kuma ta auri Elam shekara shida bayan an gama korar. Wa ya ɓoye, to? Itace?

Sai na bi Elam. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na tafi Raleigh, inda ake ajiye tsofaffin takardun jiha. Na same shi a jerin sunayen sojojin sa-kai da aka tara a shekarar 1838 don fitar da Cherokee daga gidajensu. Ba kama shi aka yi ba, shi ya kai kansa. Shekararsa goma sha tara. Na same shi kuma da tsufansa, yana neman a ba shi fili saboda wannan hidima, ya sa hannu da kyakkyawan rubutu. Tsakanin takardun biyu akwai rayuwa mai kyau: ya dawo kusa da nan, ya yi gona, ya haifi tara, ya zama dattijon coci, ya mutu a gadonsa. Na je kabarinsa, minti ashirin daga ƙofar gidanmu. An sassaƙa ɗan rago a kan dutsen. Na tsaya ina kallon ragon nan har wata mata mai share ganye ta tambaye ni ko ɗan'uwana ne. Na ce kakan 'yata ne. Ta ce abin sha'awa.

Har a nan ban yi fushi da kai ba. Tausayinka nake ji. Ina tuƙi ina cewa, Allah ya rufa wa Malam asiri, ya tafi bai sani ba.

Sati uku da suka wuce na shiga rumfar kayan aikinka neman tsani, saboda masu ɗaura labulen biki. Akwatin ƙugiyoyin kamun kifinka ya faɗo ya buɗe. Kai da ba ka kama kifi ko ɗaya ba tun da na san ka. A ƙarƙashin farantin da ke cikinsa akwai ambulan. A ciki akwai kwafin jerin sunayen nan da na sha wahalar nemowa, ka ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan Elam. Akwai takardar ajiye mota ta Raleigh, kwanan watan da ke jiki ya nuna wata uku kafin haihuwar Safiya.

Na zauna a kan buhun taki na tuna. Ka ce za ka je ka nemo sunan Kaka Polly na asali, in mace muka haifa mu sa mata. Ka dawo da yamma ba ka ci tuwo ba. Ka ce takardun sun ƙone a wata gobara tun da daɗewa. Na ce ayya. Ni da bakina na ce maka ayya, na ɗumama maka miya.

Sannan akwai wasiƙar, a cikin leda. Ta asali, takardar ta yi launin shayi. Ina jin daga akwatin mahaifiyarka ka zaro ta, kuma ina jin ita ba ta taɓa karantawa ba, domin ba mace ba ce mai iya ƙarya da ido biyu. Elam ne ya rubuta wa uwarsa daga sansani. Ka san abin da ke ciki, amma zan maimaita maka, tunda ba ka da injin da za ka kunna.

Ya gaya mata suna bin kwarin kogi gida-gida. A wani gida suka tarar da mace tana daka masara a tsakar gida, da yara biyu da wani tsoho. Ta yi musu alama da hannu su ɗan jira ta ƙarasa. Ba su jira ba. Ta sa hannu a turmin za ta ɗebi abin da ta samu ta ƙulle a gefen zaninta, Elam ya buge hannun da gindin bindiga. Suka kora su zuwa shingen da ake tara mutane. Da rana ta yi sanyi ya koma da amalanke ya ɗauko turmin, domin ya tuna turmin uwarsa ya tsage. Ɗa nagari. Masarar na nan a ciki, kaji ba su gama da ita ba. Suka dafa suka ci. Sai ya yi wa uwarsa ƙorafi cewa ba ta daku da kyau ba, duk tsaki ce.

Duk tsaki ce, Calvin.

Bai rubuta sunan matar ba. Bai sani ba, bai tambaya ba. Sunan dokinsa ya fito sau biyu, domin ƙafarsa ta kumbura.

Na karanta littattafan tarihin nan tun kafin in san ka. Na san an tsare mutane a shingaye cikin zafi suna mutuwa, na san an kora su a ƙasa zuwa yamma cikin sanyi suna binne 'ya'yansu a bakin hanya. Amma littafi yana rufuwa, a mayar da shi kan kanta. Wannan a kicin ɗina yake. Da garinsa na yi wa 'yarka kunun yaye. Da shi na yi maka tuwon da kake lashe yatsu kana cewa uwarka ba ta san abin da ta bayar ba. Kai ka sani. Kana ci kana sani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙaryar kanta. Ban san wanda ya fara ta ba, wataƙila wani jika ne, lokacin da kakar Cherokee ta zama abin ado a gidajen farare. Dubi tsarin abin. Aka kore su, aka nome gonarsu, aka ɗauke turminsu, da aka ga ba abin da ya rage sai aka ɗauke kakanninsu ma. Ɓarawo ya shiga gida ya kwashe kaya, jikokinsa suna zaman makoki a matsayin masu gida. Kai kuma ka sa rigarka mai kyau ka je makarantar Safiya tana aji uku, ranar nuna al'adu, ka tsaya gaban yara ka ba su labarin Elam mai ɓoye amarya. Ni na ɗauki hoton. Kana murmushi a ciki. Na duba shi jiya da gilashi a idona, ina neman alamar kunya. Ban samu ba.

Kwana shida ka yi a asibiti da hankalinka. Ka gaya min inda makullin rumfa yake. Ka gaya min inda ake kashe ruwan gida in bututu ya fashe. Ka ce in riƙa sauya man mota. Kwana shida, ba ka samu minti biyu ba?

Ga tambayar da ke hana ni zama. Ciwon kan nan naka. Ƙarar taɓaryata ce ke korar ka, ko ta biyun? Kai ma kana jinta? Muna gida ɗaya, ni ina cikin kicin ina ce mata sannu Kaka, kai kana waje kana tura inji a kan ciyawar da ba ta tsiro ba don kada ka ji ta? In haka ne, wane irin aure muka yi, mu uku?

Kada ka ɗauka na wanke kaina. Ban wanke ba. Ni ce mai karatun. Na san kusan duk gidan da ka shiga a jihar nan akwai mai cewa kakarsa Cherokee ce, har dariya muke yi wa masu zuwa laburare da wannan labari. Aikin da na yi cikin sati biyu zan iya yinsa shekara ashirin da suka wuce. Ban yi ba, domin ina son turmin, kuma ina son abokiyar daka. Kuma na saba da rashin tambaya. A gidan kakana a Zariya akwai tsohuwar da muke kira Iya Kande, ita ke daka tun kafin a haifi ubana. Zanen fuskarta ba irin namu ba ne, in ta yi mafarki da wani yare take magana. Ba wanda ya taɓa gaya min daga ina aka kawo kakarta, ni ma ban tambaya ba, tuwonta na da laushi. Ka ga ashe ba a banza muka dace da juna ba.

Ranar da na karanta wasiƙar na shigo gida na zuba masara. Ban san me nake so ba, wataƙila in ba ta haƙuri. Na saki taɓarya, na ɗaga, na bar gurbi. Ba abin da ya faɗa. Na sake. Shiru. Rana na haskawa ta taga, firiji na gurnani, gurbin na nan a buɗe kamar inda aka cire haƙori. Shekara ashirin da biyar ban taɓa jin tsoronta ba sai ranar da ta yi shiru. Domin a ranar na gane ba taya ni take yi ba. Ni ce na zo na sa taɓarya a cikin dakanta. Gaggawar nan da take yi tana jana, gaggawar mai jin takun dawakai ce. Ni kuwa ina kiran ta da sunan matar wanda ya buge mata hannu.

Na gaya wa Darlene. Ta ce zamani ne ya zo da haka, kuma Elam yaro ne a lokacin, ɗan shekara sha tara. Ta ce ta riga ta rubuta jawabin da za ta yi a walima, kuma Kaka Polly na ciki. Na ce ta bar Polly a ciki, baiwar Allah ba ta yi laifin komai ba, 'yar mai injin niƙa ce, ta faɗi haka. Ta kashe wayar. Ban sani ba ko za ta sake kirana.

Hajiya Ramatu da farko faɗa ta yi. Ta ce, ke Rakiya, wannan karatu naki zai kashe ki, turmi ai turmi ne, itace bai san mai shi ba. Na ce ta zauna. Na fassara mata wasiƙar layi-layi. Da na kai wajen hannun, ta duba nata hannun. Sai ta gyara mayafi ta ce ba a wanke amarya a kan kayan ƙwace. Ta ce tana da ɗan turminta na dakan yaji da ta ɗauro daga Maraɗi, ƙarami ne, amma 'yarki ba ta da mazaunan kirki, zai ɗauke ta.

Safiya na bari ƙarshe, domin ita nake tsoro. Ka san yadda ta ɗauke ka. Jiya da azahar tana gwada leshi a falo, tela ta tafi, na miƙa mata ledar, na ce a akwatin ubanta na same ta. Ta karanta sau biyu a tsaye, allurai na jikin rigarta. Ta tambaye ni da Turanci me ya sa sai yanzu, saura kwana huɗu. Na ce don ranar Asabar a kansa za ki zauna, ki shiga gidan mijinki da shi. Ta ce ubanta matsoraci ne. Na ce haka ne. Ta juyo ta ce kada in kuskura in faɗa, ita kaɗai ke da ikon faɗa. Ta yi kuka, kwalli ya ɓata leshin. Ban rarrashe ta ba, na riƙe mata allurai.

Da ta natsu sai ta shiga kicin ta tsaya a kan turmin. Ta ce da Hausarta mai ɗingishi, Mama, ni na ɗauka kowane turmi sau biyu yake ƙara. Ta ce tun tana goye a bayana take ji. Ta ce da ta je Kano gidan su Mukhtar ta ji ana daka, har ta tambayi ƙanwarsa me ya samu turminsu.

Na kama bakin tebur, Calvin. Ba hauka nake yi ba ashe. Da hauka ce da ta fi sauƙi.

Na buga waya can duwatsun yamma, inda waɗanda suka tsira daga korar suke zaune har yau. Aka haɗa ni da wata mata mai kula da tsofaffin kayan mutanensu. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na ƙare. Ba ta zage ni ba, ba ta gode min ba, kuma daidai ne, mai mayar da kayan sata ba ya jiran tukuici. Ta ce in kawo ranar Alhamis, in haɗa da wasiƙar. Ta ce mai yiwuwa ba za a taɓa sanin ko wace ce ba, in ta kai ƙarshen tafiyar jikokinta suna can jihar Oklahoma inda aka kai su, in ba ta kai ba shi ke nan. Ta tambaye ni ko taɓaryar na nan. Na ce tana nan. Na ji ta ja numfashi.

Gobe da safe za mu tafi, awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa. Amarya ce ta ce ita za ta tuƙa. Hajiya ta ce ba a taɓa amaryar da ta bar gari ana saura kwana biyu wankanta ba. Safiya ta ce to an fara.

Ka san a wajenmu ba a mayar da kwanon mutane wayam. Na yi ta tunanin abin da zan sa a ciki. Gari? Wace ce ni da zan ƙarasa mata dakanta? Ɗazu bayan la'asar na jiƙa farar masara na zuba. Na kama taɓarya yadda ta koya min, ƙaton kan a sama. 'Yata na tsaye a gefena. Na daka har ƙwayar ta fashe, ta zama tsaki, irin wanda kakanka ya yi ƙorafi a kai. A nan na tsaya. Haka aka ɗauko shi, haka zai koma. Na jingine taɓarya a bango, na naɗe hannuwana a ƙirji, ita ma ta naɗe nata. Muka tsaya muna sauraro, mu biyu, rana na kan tayil.

Ba zan gaya maka abin da muka ji ba. Kai ma ka riƙe naka shekara ashirin da biyar.

Ranar jana'izarka liman ya roƙi jama'a su yafe maka, na ce na yafe daga cikin mata, da murya har aka ji. Ban janye ba. Amma abin da na sani na yafe: mantuwarka, taurin kanka, safarka a kan kujera. Wannan ban san da shi ba, kuma rabinsa ma ba nawa ba ne balle in yafe. Mai shi tana can inda kake. Ba ka san sunanta ba, amma za ka gane ta. Dubi hannunta na dama.

Turmin yana kujerar baya yanzu, mun ɗaure shi da bel kamar fasinja, mun rufe bakinsa da faifai. A kicin ya bar zobe a ƙasa inda ya zauna. Na goge bai fita ba. Zan ci gaba da yi maka addu'a bayan kowace sallah, domin na saba, kuma domin kana bukata fiye da yadda na zata. Ranar Lahadi zan sa 'yata a mota in kai ta ɗakinta, in yi kukan da ya kamata mu yi tare.

Ka huta in an bar ka.

Matarka, wadda ta ci tare da kai,
Rakiya